Halilu Dillali da Idon Roba

Ku matso in ba ku labarin Halilu Rufa'i na Gurbin Bore. Na san za ku ce ba ku san shi ba. Kun san shi sarai, in dai kun taɓa shiga karar Shinkafi ranar Alhamis neman rago. Sunan ne ba ku sani ba, kuma wannan rashin sanin naku shi ne abin da ya hana bawan Allah sakat shekara da shekaru.

Tun daga gida abin ya faro. Halilu ɗan fari ne, kuma sunan kakansa na wajen uba aka mayar masa. To, kun san sauran. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle a ce sunan surukinta ne, ko tuwo za ta kira shi ci, sai dai ta ce, "Kai, wancan!" Uba kuma ba zai tsaya tsakar gida yana ƙwala sunan mahaifinsa ba, sai ya ce Maisuna, duk gidan kuwa aka ɗauka. Ƙanne suka taso suka ce Yaya. Daga baya da ya yi aure, matarsa Naja'atu ta ce Malam, in kuma labarinsa take bayarwa ta ce "shi". 'Ya'ya suka zo suka ce Baba. Mutum da sunansa mai daɗi, an yanka masa rago a kai, amma kamar an ajiye shi a ƙasan adaka an manta.

Wuri guda ne aka taɓa ciro masa shi. Yana saurayi ya tafi Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare, ya shiga aikin lodin shanu a tarago zuwa kudu. Can ba mai jin kunyar sunansa. Shugaban masu lodi kan tsaya bakin tarago ya buɗe murya, "Halilu! Riƙe igiya!" Halilu da bakinsa yakan ce wani lokaci da gangan yake yin kamar bai ji ba, don dai a sake kira.

Ana nan, wata rana wani farin bajimi mai dogon ƙaho ya ƙi hawa katakon shiga tarago. Aka ja, aka tura, aka murɗe masa wutsiya, sai kawai ya wurgo kai gefe. Ƙahon ya sami Halilu a idon dama. Aka yi jinya, aka sha wahala, idon dai ya tsiyaye, fatar ta faɗa ciki ta rufe ramin.

Cikin masu zuwa gaishe shi har da Ramatu, taubashiyarsa, ɗiyar ƙanwar babansa, wadda tun suna yara ba ta taɓa ganinsa ta bar shi lafiya ba. Ta tarar da ɗaki ya yi tsit, kowa ya zuba tagumi. Ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo, ta dube shi ta ce, "To, Mai-ido-guda, sannu da arziki. An rage maka wahalar sa kwalli."

Aka bushe da dariya, har shi mai ciwon. Da ya san abin da dariyar nan za ta jawo masa, da ya haɗiye ta. Kafin ciwo ya warke, laƙabi ya kama.

Lodi ya gagara, sai ya koma dillancin tumaki da awaki, yana bin kasuwanni: Zurmi, Ƙaura, Shinkafi. Allah kuwa ya sa masa hannu a sana'ar. Halilu ba ya sallama dabba sai ya buɗe mata baki a gaban mai saye, ya sake ta ta taka a ga ƙafafunta, sannan ya wulga tafin hannu kusa da kowane ido a ga ta ƙifta. In akwai aibi, shi zai fara faɗa tun ba a tambaya ba. Abokan sana'a suka ce wauta ce, masu saye suka ce gaskiya ce. Labari ya kai Maraɗi, ya kai kudu. Baƙo in zai zo kara, abin da ake gaya masa ke nan: in ka shiga, ka tambayi Mai-ido-guda.

Da wannan laƙabi ya gina gida, ya aurar, ya sa yara makaranta. Kuma bai taɓa jin an faɗe shi ba face ya ji wani abu ya soke shi a ƙirji. Abin da ya fi ci masa rai, akwai wani Audu daga wajen Zurmi, shi ma dillali, shi ma ido ɗaya gare shi, ƙyanda ta cinye na hagu tun yana goye. Amma Audu da sunansa ake kiransa, don laƙabin ya riga ya sami mai shi. Halilu kan zauna a kan turke yana jin ana "Audu! Audu!" ya yi ƙwafa ya ce, "Ku duba mani wanga mutum. Ko haƙorin akuya bai iya dubawa ba, amma shi ad da suna."

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, babban ɗansa Zaharaddeen, wanda ke koyarwa, ya sami canjin aiki zuwa Gusau, hannunsa ya ɗan buɗe. Ya zo gida ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai asibitin ido a Kano, suna sa wa mutum idon roba. In an sa, ba mai ganewa sai wanda ya sani."

Halilu ya ce, "Shina gani?"

"Ba shi gani, Baba."

"To, bari in yi shawara."

Shawarar nan ta ci damina uku. Ba tsoro ne ya riƙe shi ba, kunya ce: dattijo da furfura a ce ya tafi Kano neman kyau. Abin da ya tashe shi, ranar sunan jikarsa Rumaisa'u maroƙi ya shigo yana wasa zuri'a, ya kawo kan kowa da sunansa har da na matattu, da ya iso kansa sai ya ce, "Ina Mai-ido-guda, kakan amarya!" Washegari Halilu ya aika wa Zaharaddeen ya nemi mota.

A Kano likita ya duba ramin, ya auna, sannan ya jawo wani faffaɗan akwati ya buɗe. Idanu ne jere reras, duk sun zuba wa rufin ɗaki kallo. Zaharaddeen ya kawar da kai. Halilu kuwa sai dillancin ya motsa, ya gyara zama ya shiga zaɓe.

"Wanga ya cika hwari, na yaro na. Wanga ya yi ja, sai a ce ko wani abu nika sha. Likita, ba ka da mai ɗan duhu-duhu, irin na wanda ya daɗe cikin rana?"

Likita ya yi dariya, ya lalubo masa wani, ya kara da na hagun, ya dace. Ya koya masa yadda ake sawa da yadda ake cirewa a wanke da ruwa mai tsabta, ya ƙara jaddada masa cewa ba fa gani zai yi da shi ba.

Halilu ya ce, "Na sani. Gani ina da shi isasshe. Wani abu nika biɗa daban."

Da aka miƙa masa madubi ya daɗe yana kallo. Rabonsa da mutumin nan na cikin madubi tun tashar Ƙaura.

Ya dawo gida, Naja'atu ta fito da buta, tana ɗaga kai ta saki butar ta koma ɗaki da gudu. Kwana da kwanaki ba ta iya haɗa ido da shi, wai ji take kamar baƙo aka kawo mata. Ranar Alhamis ya shafa kwalli a duka biyun, ya sa sabuwar riga, ya hau motar Shinkafi. Ramatu a lokacin tana da rumfar tuwo a bakin tasha. Tana hango shi ta saki mara cikin tukunya.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani, Mai-ido-guda da ido biyu!"

"Ramatu, ki shiga taitayinki. Ina da suna."

"Wane suna kuma bayan wanda nis sa maka? Matso in gani. Kai, wanga ya hi na Allah kyau, a koma a sake maka ɗayan mana."

Ya wuce kara, ya tara abokan dillanci a gindin bishiyar bedi, ya ce musu daga yau duk wanda ya kira shi da tsohon laƙabi da iska yake magana. Sunansa Halilu. Suka ce sun ji, Allah ya sanya alheri, suka yi ta leƙen fuskarsa kamar sun sami sabon ɗan maraƙi.

To, ido dai ya zauna, sai dai ba a gaya masa halinsa duka ba. Ƙurar kara takan shige ƙarƙashinsa ta yi ta ƙaiƙayi, hawaye na bin kunci ɗaya kamar mai rabin makoki, sai ya zaga bayan rumfa da buta ya cire ya wanke. In kuma ya saci kallon gefe, na hagu ya tafi, na roba ya tsaya inda yake. Ana tsakar ciniki sai ka ga ido ɗaya na kan rago, ɗaya ya kafe mai saye. Abokai suka samu abin yi. "Wanne za mu kalla in muna magana da kai?" Wasu suka koma ce masa Ɗan Kano, wasu Mai-roba. Halilu dai, ko da kuskure, babu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar baƙi ce. Wani Bayarabe da aka turo daga kudu ya zo har gabansa, ya yi sallama, ya ce yana neman Mai-ido-guda.

Halilu ya gyara hula ya ce, "Halilu kaka biɗa. Ni na."

Mutumin ya dubi idon dama, ya dubi na hagu, ya ce, "A'a, baba, ba kai ba. Wanda aka ce mini ido ɗaya ne." Ya juya, ya yi 'yan taku, sai ga Audu zaune a kan buhu da raminsa a fili. Halilu na tsaye yana kallo aka tafa, aka kora tumaki goma sha wani abu zuwa mota.

Haka aka yi ta yi. Mutanen Maraɗi su zo, su wuce shi, su faɗa hannun Audu. Audu kuwa ba ya cewa shi ne, ba ya cewa ba shi ba ne, hannu kawai yake miƙawa. Naja'atu ta ga cefane na raguwa, ta ce, "Malam, ko ka riƙa amsawa hakanan? Mi za shi rage ka?" Ya ce shi bai sha doguwar tafiya har Kano don ya dawo ya amsa sunan da ya gudu ya bari ba.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki wa'azi a kan algus, ana bin 'yan hatsi ana duba mudu, mai nono ma sai ta rantse ba ta ƙara ruwa ba. Mutane suka gane hanyar kotun alƙali, abin da a da za a kashe a gindin bishiya yanzu sai a ce mu je gaban malam. Sai ga babbar salla ta matso.

Akwai wani ma'aikaci, Alhassan, baƙo ne da aka turo aiki Shinkafi, a rumfar Ramatu yake cin tuwon rana. Ya ce mata, "Inna, ragon layya nake so, kuma ban san kan dabba ba. Wa zan nema wanda ba zai cuce ni ba?"

Ramatu na tuƙa tuwo, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Tahi kara ka tambayi Mai-ido-guda. Ɗan'uwana na. In ya cuce ka, ni na cuce ka."

Bakin da ya saba. Ta manta sam mutumin nata yanzu ido biyu yake yawo da su.

Alhassan ya shiga kasuwar jajibirin salla, cinkoso ba masaka tsinke, ƙura ta tashi, kowa ya ja rawani ya rufe hanci. Ya yi tambaya, wani ya nuna masa Audu. Audu ya jawo wani ƙosasshen rago, ya riƙe shi a ƙaho, ya manna gefen fuskarsa da cinyarsa, yana ta yabon kitse. Alhassan ya biya ya ja abinsa. Sai da ya kai gida, limamin unguwarsu ya zo sa albarka, ya wulga hannu ta dama rago ya ƙifta, ya wulga ta hagu rago ko gezau. Liman ya ce, "Malam Alhassan, nama dai ka samu, amma wannan ba ya layya. Ido ɗaya gare shi." Ga kasuwa ta watse, ga salla da safe.

Bayan salla Alhassan ya dira a rumfar Ramatu rai a ɓace, ya ce ta gaya masa cikakken sunan ɗan'uwan nata. Ramatu ta dafa ƙirji ta ce sharri ne, ta kuma faɗi sunan tiryan-tiryan don ta nuna ba ta da abin ɓoyewa: Halilu Rufa'i, Gurbin Bore. Ashe ta san shi.

Alhassan ya kai ƙara kotun alƙali. Kafin ranar zama labari ya cika kara, ya kuma yi 'ya'ya. Wai Halilu ba ido ɗaya ya sayo a Kano ba, buhu guda ya yo, yana sa wa makafin raguna. Har ka ga mai saye ya zo wajensa yana tsokanar idon tunkiya da yatsa, wai ya ji ko roba ce.

Ranar zama kotu ta cika, rabin 'yan kara sun bar dabbobinsu sun zo kallo. Halilu na zaune a benci cikin mutane. Sai masinjan kotu ya fito bakin ƙofa ya buɗe murya.

"Halilu Rufa'i!"

Jama'a suka shiga waige-waige, ana tambayar wane ne. Halilu bai motsa ba.

"Halilu Rufa'i Gurbin Bore!"

Zaharaddeen ya taɓa shi ya ce, "Baba, kai aka kira."

"Na jiya. Bar shi shi ƙara."

Sai da aka yi na uku sannan ya miƙe, a hankali, yana gyara riga.

Alƙali ya tambayi Alhassan ko wannan ne ya sayar masa da rago. Alhassan ya ƙare masa kallo ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya sayar mini ido ɗaya ne da shi. Wannan kuwa biyu nake gani."

Ramatu daga wajen mata ta ɗago murya, "Shi na, Allah shi gafarta Malam, shi nit tura shi wurinai! Ɗayan sayo shi yay yi!"

Alhassan ya zabura. "To ka ji! Wato da ya cuce ni sai ya je ya sayo ido don ya ɓad da kama!"

Kotu ta kaure da dariya, masinja na ta tsawa. Halilu ya juya ya harari Ramatu da ido ɗaya, ɗayan na kallon alƙali. Alƙali ya bari aka lafa, sannan ya ce, cikin girmamawa, ko Malam Halilu zai yarda ya cire, mai ƙara ya gan shi yadda ya ce ya gan shi.

Abin da ko Naja'atu ba ta taɓa gani ba, don kullum sai ya juya baya yake yi. Ya nemi ruwa a kofi, ya wanke hannu, ya ja fatar ƙasa da yatsa, idon ya sulluɓo tafin hannunsa. Aka ɗauki salati. Ya ɗago fuska ya tsaya, ga ramin nan da ya yi tafiya har Kano don ya rufe, a buɗe gaban duk wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Alhassan ya matso ya duba, ya koma baya, ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, akwai gyara. Ta hagunsa na tsaya, kuma sai da ya juyo da kai gaba ɗaya kafin ya gan ni. Wancan ramin nasa a hagu yake. Wannan a dama."

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk 'yan kara suka juya wuri guda, inda Audu ke lallaɓawa zai fita. Aka dawo da shi. Alƙali ya tambaye shi don me ya amsa kiran da ba nasa ba.

Audu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mai ido guda yat tambaya. Ni kuwa a duba ni, nawa gare ni? Mai abin ya yar, ni na tsinta."

Aka sa Audu ya karɓi ragonsa ya mayar wa mutum haƙƙinsa, aka yi masa faɗa mai zafi a kan ɓoye aibi. Aka wanke Halilu tas, Alhassan ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Sai dai Halilu bai fito da fuskar wanda ya yi nasara ba. Maganar Audu ce ta tsaya masa a wuya. Shekarun da ya yi yana buɗe bakin tumaki, yana faɗin aibi tun ba a tambaya ba, duk a jikin laƙabin nan suka taru, ba a jikin Halilu ba. In ya yar, wani zai tsinta ya cuci mutane da shi.

Alhamis ta zagayo. Ya sauka a mota, ya zaga bayan rumfar Ramatu da buta, ya cire idon, ya wanke, ya naɗe a farin ƙyalle, ya sa a wani ɗan gwangwani ya jefa aljihu. Ya shiga kara da raminsa. Bai kai ga turkensa ba wani mutumin Maraɗi ya tare shi.

"Kai ne Mai-ido-guda?"

Halilu ya gyara hula. Sannan ya ce, "Rago kaka so ko tunkiya?"

Ciniki ya dawo, har ya fi da. Ido kuwa ya zama na Juma'a da suna da ɗaurin aure, kamar babbar riga. In an tashi kasuwa yakan tsaya ya mayar da shi kafin ya hau mota, don Naja'atu ta riga ta saba da baƙon nata. 'Yan kara ba su bar shi haka ba, suka ce Mai-ido-a-aljihu. Wannan ko ƙwafa bai yi masa ba, ya gaji.

Ramatu ce abin ya dama. Ta ga taubashin nata ya daina rama tsiya, in ta tsokane shi sai ya ce "to" ya wuce. Wata Alhamis da la'asar ta hango shi ya fito daga kara, kafaɗa a sake, ƙura har gira. Ta zuba tuwo a kwano mai murfi, ta tsamo masa tsoka biyu, ta fito bakin rumfa. Ta buɗe baki, tsohon sunan ya zo har kan harshe, ta danne shi. Ta yi gyaran murya.

"Halilu!"

Ya tsaya cik. Ya dafe aljihun da gwangwanin yake, ya waiwaya dama, ya juyo da kai gaba ɗaya, fuska duk ta canza.

"Innalillahi," in ji shi. "Wa yak kai ni ƙara kuma?"